Gadon Jaririya a Cikin Leda

Farcen ƙaramin yatsan Manaja na hannun dama ya fi sauran tsawo, kuma ba mantuwa ce ta sa ba. Da shi yake ɓanɓare sitikar farashi ba tare da ta yage ba, da shi kuma yake mayar da ita inda take har ido ya kasa gane an taɓa. Matarsa Auta ta ƙura wa farcen ido ranar da yake bin takardar kayan haihuwa da shi, layi bayan layi, kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa.

Manaja ba manaja ba ne. A wani babban kanti yake aiki, a kan kantar da ake mayar da kaya. Mutanen benensu ne suka laƙaba masa sunan saboda nektayi, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Dokar kantar tasa guda ce, ya kuma haddace ta fiye da lambar wayarsa: duk kayan da bai wuce kwana talatin ba, takardar farashinsa na rataye, ba a yage ledarsa ba, rasit kuma na hannu, to a karɓa a mayar wa mutum kuɗinsa.

Nas ce ta rubuta takardar da yake dubawa, wata dattijuwa da ke zaune a hawan ƙasa na benen, wadda ta yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Takardar ba ta da tsawo. Famfas, audugar mata, man shafawa, 'yan riguna masu laushi, filas, baho mai ƙafa, sai ɗan gadon jariri wanda tsayinsa zai zo daidai da na gadon uwa.

"Nas ɗin nan ba ta san kasuwa ba," in ji Manaja. "Kaya iri biyu ne a duniya, Auta. Akwai wanda ido ke gani, akwai wanda kwandon shara ke ci. Dubi nan, famfas. Ka saya yau, jibi yana bola."

"To ai don haka aka yi shi, Maigida."

"Kin ji ko, ke ma ba ki san kasuwa ba. Ita kuma audugar mata duk wannan yawan? Haihuwa za ki yi ko shago za ki buɗe?"

Ya sa biro ya rage wannan, ya soke wancan. Da ya zo kan baho da gado sai ya yi murmushi ya rufe biron.

"Waɗannan ki bar mini. Ɗan Manaja ba zai kwana a gadon kafintan bakin titi ba."

"Yaushe za ka kawo? Nas ta ce a shirya komai tun yanzu, a wanke a shanya."

"A wanke?" Ya dube ta kamar ta ce a ƙona. "Sai abin da ke cikin nan ya fito tukuna. Kada kwanaki su tafi a banza."

Ba ta gane kwanakin da yake nufi ba, ita kuwa ba mai tambaya sau biyu ba ce.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba, sai da aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace. Ranar sallama likita ta ja mata kunne: kada ta sunkuya, kada ta ɗaga abin da ya fi jaririyar nauyi, kada ta yunƙura da ƙarfin ciki har ɗinkin ya kama. Manaja na tsaye yana gyaɗa kai da ƙarfi, kamar shi za a tambaya a jarrabawa.

Ta hau bene hawa uku tana dafa bango. Umma, mahaifiyar Manaja, da ta zo taya ta zama, tana biye da ita da jaririyar. Manaja ya riga su ƙarasawa, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ware hannu.

Auta ta ɗauka ƙofar wani ta buɗe. A tsakiyar ɗakin ga wani farin gadon jarirai mai labule, 'yan tsuntsayen roba na lilo a samansa. Ga baho mai ƙafa da wurin ajiye sabulu. Ga kujera mai lilo ta shayarwa, ga keken tura jariri mai tayoyi kamar na babur, ga wata na'ura da aka ce kwalbar madarar jariri take dafawa. Sai ƙanshin sabon abu ke tashi. Idonta ya ciko da ƙwalla, har ta ji kunyar zargin da ta yi masa a zuci.

"Ina gadonmu?" ta tambaya daga baya.

"Na kwance shi, yana lungun matakala. Ina za a sa waɗannan in yana nan? Ga katifarki can."

Katifar tana ƙasa, a kusurwa, bayan keken.

Umma ta nufi farin gadon za ta kwantar da jikarta. Manaja ya yi tsalle ɗaya ya tare ta.

"A'a, Umma, dakata. Bari in yi muku bayani gaba ɗaya, don ba na son maimaici."

Bayanin bai da wuya. Kayan nan baƙi ne, kwana talatin za su yi. Kafin nan 'yan barka sun gama zuwa, kowa ya gani da idonsa, an ɗauki hoto. Ranar ta talatin su koma inda suka fito, ta kan kantarsa, da sunan wani abokinsa, kuɗin da ya ranto ya saya su dawo aljihu. Saboda haka ba a yage leda, ba a tsinke takardar farashi, ba a zuba ruwa a baho. Katifar gadon tana cikin ledarta, ya shimfiɗa zani a kai. Ƙafafun bahon suna ɗaure da igiyar robar kamfani, wadda in aka yanke ta ba ta komawa, don haka jingine shi kawai ya yi da bango.

"To ita kuma a ina za ta kwana?" in ji Auta.

Ya zaro aljihun durowa na ƙasa, ya zazzage safunansa, ya ninke tawul ya shimfiɗa a ciki, ya ajiye kusa da katifar.

"Kin gani? Daidai ita. Jariri me ya sani?"

Umma ta tafa hannu tana dariya. "Yaron nan tun yana ƙarami kansa ke ja. Allah ya yi maka albarka. Ke kuma 'yar nan, ki gode wa Allah. Mu da muka haifi bakwai, wa ya taɓa nuna mana ko hoton irin wannan gadon?"

Auta ta dubi katifar. Daga inda take tsaye zuwa can ƙasa tafiya ce mai nisa. Ta dafa keken don ta sauka.

"Ba a nan ba," in ji Manaja. "Hannu yana barin shaida. Dafa bango."

Haka kwanakin suka fara. Kwanciya aiki, tashi aiki biyu. Duk kukan da jaririyar za ta yi, sai Auta ta mirgina gefe, ta dogara da gwiwar hannu, ta cije leɓe, ta sunkuya cikin aljihun durowa. Wanka kuwa a robar wanki ake yi, a ƙasan banɗaki. Umma ta ce bayanta ba ya son tsugunno tun haihuwar autanta, don haka takan tsaya daga bakin ƙofa tana ba da umarni.

"Tallafi wuyan. Ba haka ba. Ku 'yan boko komai sai an karanta muku."

Auta na durƙushe, ɗinkin na ja kamar an ɗaura mata waya a ciki, bahon nan mai ƙafa yana jingine a ɗaki ya bushe ƙayau.

Kullum da safe kafin ya ɗaura nektayi, Manaja sai ya zagaya kayan da fitilar waya. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya shafa hannun keke, ya hura ƙurar da babu ita. In ya gama sai ya leƙa aljihun durowa ya ce, "Hajiyar gida, an tashi lafiya?" Sannan ya ce wa Auta, "Jiki da sauƙi ko?" yana ɗaura agogo. Bai taɓa jiran amsar ba.

In ya fita, gadi ya koma hannun Umma. Ta riƙe aikin da gaske, ban da wuri ɗaya. Ranar nan Auta ta fito daga banɗaki ta tarar da ita a kan kujerar lilo, ta shimfiɗa mayafi a kan ledar, tana kaɗawa ido a lumshe.

"Umma, ai ya ce ba a zama."

"Ni ba nauyi gare ni ba. Kuma gwada masa nake yi, kada su sayar wa bayin Allah da mai ƙara. Ke dai kada ki hau, jikin jego ba ya rabo da ɗigo."

In aka ƙwanƙwasa ƙofa kuwa, sai gidan ya rikice kamar an ce ga masu duba tsafta. A tura aljihun durowa bayan labule, a cusa takardun farashi ta ƙarƙashi, a sa wa jaririyar sabon famfas, a ɗora ta a kan farin gadon. Sharaɗin Manaja shi ne sai ta yi gyatsa, kuma kada ta wuce minti biyar. 'Yan barka su shigo su riƙe baki.

"Auta, kin dace da miji. Namu ko kwandon kaya bai saya ba."

"Wannan keken ai ko ni a sa ni a ciki a tura."

Auta ta yi murmushi daga katifarta. Wata ƙawarta ta ce, "Ke kuma me ya kai ki ƙasa?" Umma ta yi caraf ta ce likita ne ya ce ƙasa ta fi wa baya. Suna fita a sauke jaririyar, a cire sabon famfas ɗin in bai jiƙe ba, a ajiye wa baƙi na gaba, a mayar mata da tsumma.

Audugar mata ta ƙare a kwana na shida. Da ta faɗa masa, cikin rada don kada Umma ta ji, sai ya ce, "Har yanzu? Na ɗauka abin kwana uku ne." Ya yi alkawarin tahowa da ita, ya dawo da wata fitila mai juya taurari a rufin ɗaki. Ita ma ba a kunnawa.

A mako na biyu gefen ɗinkin ya yi ja. A na uku ya fara tsatsar ruwa, zazzaɓi na zuwa da rana ya tafi da yamma. Auta ta ninke tsohon ɗankwali ta tare wurin, ba ta gaya wa kowa ba. Tana tsoron a ce raki gare ta, tana kuma tsoron abin da ya faɗa mata, cewa in ko ɗigo ya taɓa kayan nan, kuɗin hayar ɗakin ne ya tafi.

Nas ce ta gano. Gwiwa ta hana ta hawa bene tun ranar farko, amma da ta ga mako uku maijego ba ta leƙo ko baranda ba, sai ta ɗauki sandarta ta hau, tana hutawa a kowane hawa tana zagin wanda ya gina gidan. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta tarar da Auta durƙushe a banɗaki, hannu ɗaya riƙe da jaririya a cikin robar wanki, ɗayan dafe da ciki.

Nas ta dubi robar, ta juya ta dubi bahon, ta dubi aljihun durowa.

"Miƙo ta nan. Je ki kwanta ki ɗaga rigar."

Ta daɗe tana duba wurin. Ta aika aka sayo magani da bandeji, ta wanke, ta rufe. Gefe ɗaya ya buɗe, in ji ta, kuma in aka ƙara mako guda a haka sai an koma asibiti an sake ɗinki. Sannan ta ja kujerar roba ta zauna jiran Manaja.

Ya dawo da la'asar, ya gan ta, ya washe baki.

"A'a, Nas da kanta. Kin ga kayan 'yar taki?"

"Na gani. Na kuma ga uwar 'yar. Ka kwance bahon nan yau, ka cire ledar gadon, ka shigo mata da gadonta."

"Ai Nas, saura kwana tara kacal."

"Kwana tara me?"

Ya yi mata bayanin dokar kanti da haƙuri, kamar yadda yake yi wa masu kawo kaya ba rasit. Ya ce shi ma ba daɗi yake ji ba. Ya ce zamanin nan in ba ka nuna ba, ba a ganin ka da daraja, kuma darajarsa ai ta Auta ce. Ya ce da zarar kaya sun koma zai sayo ƙaramin baho, na gaske, wanda za a jiƙa. Gadonsu kuwa babu inda za a sa shi sai an fitar da waɗannan.

"Kuma fa ba ta taɓa ce mini yana ciwo sosai ba. Auta, kin ce mini?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kin gani," in ji Umma. "Ciwon haihuwa ai haƙuri ne maganinsa. Yaran yanzu da an tsaga su sai su zama ƙwai."

Nas ta miƙe da ƙyar. "Ni dai zan riƙa hawowa kullum in wanke mata, ko gwiwar za ta cire. Kai kuma Allah ya ba ka lafiya, don kai ne mara lafiyar gidan nan."

Ta bar farantin kayan wankin ciwo a gefen katifa: auduga, bandeji, da ɗan almakashi. Kullum takan hawo, ta yi wa jaririyar wanka da kanta a kan teburin kicin, ta wanke ciwon. Amma Nas ba ta kwana a gidan, kuma ba ita ke tashi daga ƙasa sau goma a yini ba. Ciwon bai ƙaru ba, bai kuma rufe ba.

Saura mutum ɗaya bai ga kayan ba, kuma shi Manaja ya fi so ya gani: Oga, manajan gaske na kantin. Manaja ya gayyace shi tun makon farko, Oga yana ta ɗagawa. Sai ga saƙo cewa zai zo da matarsa ranar hutu da hantsi. Ranar kuwa ita ce ta talatin, kuma Manaja ya riga ya shirya da wani direban motar kaya ya zo da la'asar ya kwashe komai.

"Ba komai," in ji shi. "Su zo su gani, su tafi, mota ta zo. Allah ne ya tsara."

Tun safe yake aiki. Ya manne kowace takardar farashi a ɓoye da salatif, ya ja zanin gado ya rufe leda ta ko'ina, ya rataya tawul a ƙafafun baho don ya ɓoye igiyar. Ya ja wa kowa kunne.

"In Oga ya ji ƙanshin maganar mayarwa, aikina ya tafi. Ma'aikaci ba ya wannan. Auta, ke dai gaisuwa kawai."

"To, Maigida," in ji ta. Ta kwana biyu tana tunanin wannan tsoron da yake yi wa Oga, tun kafin ya faɗe shi.

Oga ya iso yana haki, ƙaton mutum mai son a san ya san kaya. Matarsa 'yar siririya ce mai kaifin ido, ta haifi biyar. Ta ɗauki jaririyar ta yi mata wasa, sannan ta mayar da ita kan farin gadon. Gadon ya ce ƙaras.

Ta danna da tafin hannu. Ya sake cewa ƙaras.

"Leda ce a ƙasan nan?"

"Saboda ƙura, ranki ya daɗe," in ji Manaja da sauri.

Auta ta gyara zama a kan katifarta. Ba ta taɓa yi wa baƙon namiji magana ba tare da an tambaye ta ba. Ta gyara mayafinta, ta dubi ƙasa, ta yi magana da ƙaramar muryarta.

"Gaskiya, ranka ya daɗe, ba mu iya buɗe su ba ne. Maigida ya ce kaya ne masu daraja, kada mu yi musu gaggawa mu ɓata. Ga bahon ma har yau ba mu san yadda ake miƙe ƙafarsa ba. Na ce ko da wanda ya san kan su zai zo."

Fuskar Oga ta haskaka. "Wata guda ba ku buɗe ba? Ai ni na zaɓo bahon nan da hannuna. A ba ni almakashi."

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka," in ji Manaja. "Babu ma almakashi a gidan, na bayar aro."

"Ga na wankin ciwona," in ji Auta, ta miƙa da hannu biyu.

Oga ya naɗe hannun riga. Ya yaye tawul, ya datse igiyar, ƙafafun baho suka miƙe suka tsaya. Ya laluba ƙasa ya ci karo da takardar farashi, ya finciko ta da salatif ɗinta.

"Wannan a kanti ake barin ta. Ko so kake baƙi su san nawa ka kashe?" Ya yi dariya ya doki kafaɗar Manaja. Manaja ma ya yi wani abu mai kama da dariya.

Daga baho Oga ya koma gado. Matarsa ta ɗauke jaririyar, shi kuma ya farke ledar katifa tun daga sama har ƙasa, yana bayanin cewa leda tana hana jariri numfashi. Ya kwance tayoyin keke ya tura shi ya zagaya ɗakin. Ya sa fitilar taurari a wuta. Duk abin da ya buɗe sai ya ce, "Ka ga aiki?" Manaja ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe." Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Irin ku muke so," in ji Oga. "Ma'aikacin da ya yarda da kayanmu har ya sa albashinsa. Ba irin mutanen nan da za su saya su yi fafa da shi su dawo mana da shi ba. Kai ka fi kowa sanin su."

"Suna da yawa, ranka ya daɗe."

Matar Oga ba ta bi ta kansu ba. Idonta na kan katifar ƙasa da farantin bandeji.

"Aiki aka yi miki, kike kwana a nan?"

"Ɗakin ne ya cika," in ji Auta.

Matar ta dubi Manaja, kallon da ya sa ya gyara nektayinsa. Ta yage ledar kujerar lilo da hannunta, ta kama Auta a hankali ta zaunar da ita. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ta ce bari ta nuna mata yadda ake wanka a tsaye. Ruwa ya sauka a cikin bahon. Jaririyar ta miƙe ƙafafu, ta fantsama shi har kan takalmin ubanta. Da aka gama aka shimfiɗa ta a kan sabuwar katifa ana neman famfas, sai ta saki fitsari mai tsawo, hankali kwance.

"Ta karɓi kayanta," in ji Oga.

Umma, wadda tun ɗazu ta maƙale a bakin ƙofa, ta matso. "Ni dama kullum ina faɗa musu, a buɗe wa yarinya kayanta. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Manaja ya raka baƙin har mota. Da ya dawo ya rufe ƙofa, ya tsaya a tsakiyar tarin leda. Ya ɗaga wata ya duba ko za ta haɗu, ya sake ta.

"Kin san abin da kika yi?" Muryarsa a ƙasa take. "Kin san wata nawa zan yi ina biyan wannan? Da bakinki na gaisuwa kawai?"

Auta tana kan kujerar, ƙafafunta a ƙasa, bayanta a jingine. Rabon da ta zauna ba tare da ta cije leɓe ba har ta manta.

"Kawo fitilar wayarka, Maigida."

"Ta me?"

"Kullum da safe kana haska gadon nan da keken nan, ba ka taɓa samun ko ƙwarzane ba. Akwai wuri ɗaya a ɗakin nan da ba ka haska ba."

Ta ɗaga gefen rigarta, ta ɗaye bandejin a hankali. Umma ta kau da kai. Manaja ya duba, don ba shi da wurin kai idonsa. Wurin ya kumbura ya yi ja, gefensa a buɗe kamar bakin jaka. Ya buɗe baki zai ce ba ta faɗa masa ba, sai ya ga tana kallonsa ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ya rufe bakin.

"Za ka biya kuɗin kayan," in ji ta, tana mayar da bandejin. "A hankali, kamar yadda kowa ke biya. Keken da na'urar kwalba ka sayar wa wanda ke da bukata, ba inda za mu tura keke a hawa na uku. Baho da gado da kujera suna nan. Kuma yau a kan gadona zan kwana."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Direban motar kaya ne ya iso tun kafin la'asar, wani dattijo mai furfura a gemu, igiya naɗe a kafaɗarsa. Umma ta buɗe masa, ya yi sallama ya sa kai.

Ya ga leda a yage ko'ina, ya ga ruwa a baho da kumfar sabulu. Ya ga jaririya tana barci a farin gado, hannuwanta a sama. Ya ga katifa a ƙasa da farantin bandeji kusa da ita, ya ga yarinyar da ke kan kujera dafe da ciki. Sannan ya dubi mai nektayi.

Manaja ya fara, "Baba, wato abin da ya faru..."

Dattijon ya juya ya fita. Suka ji motsi a lungun matakala. Sai ga shi ya dawo da allon kan gadon a kafaɗa, ya jingine shi da bango. Ya koma ya kwaso sauran katakan, ya ajiye su a gaban Manaja, ya ɗora ƙullin kusoshin a kai. Ya gyara igiyarsa, ya ja ƙofar a hankali don kada jaririyar ta farka, ya sauka.